Kwas ɗin gaggawa na zama malamin tuƙin jirgi: me zan sa a gaba kafin a fara?

Bakatsine_172
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina Filorida, na karɓi CPL (lasisin tuƙin kasuwanci) da IR (izinin tuƙi da na'urori kaɗai) ɗina a ƙarƙashin FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, awoyina sun ɗan haura 250. Na biya kafin alƙalami na kwas ɗin CFI, wato na zama malamin tuƙi, irin na gaggawa, wanda ake dunƙule komai cikin sati uku, saura kamar wata biyu a fara. Abin da makarantar ta turo min bai wuce shafi ɗaya ba: in zo da sakamakon jarrabawar rubutu guda biyu, in zo da tsarin darussana. Shi ke nan. To a wannan tsakanin me ya fi? In duƙufa kan littafi, ko in kashe ɗan abin da ya rage a aljihu in hau jirgi daga kujerar dama, inda malami ke zama? Waɗanda suka bi ta nan ku taimaka min.

Malama_KujerarDama
Wa alaikumus salam ƙanena, barka da arziki. Kafin a zo kan zaɓin da ka kawo, jarrabawar nan biyu ka yi su? In ba ka yi ba, su ne farko. FOI, ta dabarun koyarwa, tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, FIA, ta ilimin jirgi ga malami, tambaya 100 cikin awa biyu da rabi. Da maki 70 ake cin kowacce, kuma sakamakon yana aiki har wata 24, babu asara in ka yi da wuri. Sai dai kada 70 ɗin ya zama burinka. Duk fannin da ka faɗi tambaya a kansa, lambarsa tana fitowa a jikin takardar sakamako. Dole malaminka ya sake bi da kai a kansu ya sa hannu, kuma mai jarrabawa zai tsaya a kan kowanne ranar jarrabawar baki. Wanda ya zo da 74 ya riga ya ƙara wa kansa tsawon zama a gaban mutumin nan. In da hali, ka haɗa da AGI, jarrabawar malamin aji, a satin da ka rubuta FIA, tambayoyinsu kusan daga rumbu ɗaya ake ɗebo su.

Bakatsine_172
Na gode Yaya. FIA na yi ta, alhamdulillahi. FOI ce nake ta ja da baya, duk sanda na buɗe littafin sai barci.

SarkinGardama
Ni dai bari in faɗi tawa, wanda zai ji haushi ya ji. Wannan kwas na gaggawa kasuwanci ne. Kai za ka rubuta jarrabawa da kanka, ka tsara darussa da kanka, ka karance dokoki da kanka, to me suka sayar maka? Sa hannu. Mutumin da zai riƙe ran ɗan wani a sama ne za a ƙera cikin sati uku? Sauri ya haifi nawa.

Sabon_Shiga
Ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo, ni har yanzu PPL, lasisin farko na tuƙin kai, nake tara wa kuɗi. Me ya sa mai awa 250 zai koma koyarwa? Na ɗauka sai tsofaffin matuƙa ne ke koyarwa.

Kyaftin_Dattijo
@Sabon_Shiga ɗana, tambayarka tana kan hanya. A Amurka kamfanin fasinja ba ya ɗaukarka mataimakin kyaftin sai kana da ATP, babban lasisin matuƙan kamfani, ita kuwa awa 1,500 take nema. Asalin tsaurin shi ne hatsarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu. Majalisa ta yi doka a 2010, FAA ta fara aiki da ita a 2013. Akwai rangwame ga wanda ya yi digirin jirgin sama a jami'ar da aka amince da ita, awa 1,000, ga sojoji kuma 750. Sauran jama'a, tsakanin 250 da 1,500 babu mai biya maka, sai ka nemi aikin da za a biya ka kana tara awoyi, kuma koyarwa ce ta fi samuwa. Shi ya sa a can za ka ga yaro yana koya wa yaro. Mu da muka fito kwalejin jirgin sama ta Zariya, waɗanda suka koya mana sun haife mu, wasunsu sun yi jika da mu. Wanne ya fi, ban zo yanke hukunci ba, amma na yi aiki da 'yan tsarin biyu, kuma a kowanne na ga gwani na ga ragon matuƙi.

Malama_KujerarDama
@SarkinGardama rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin nan shi ne amsar tambayar mai tambaya. Kwas ɗin ba ya zuba maka ilimi, wanda ka zo da shi yake gogewa. A ƙarƙashin sashe na 61 na dokokin FAA babu ma adadin awoyin da doka ta yanka wa horon CFI, malami ne zai duba ya ce ka nuna ko ba ka nuna ba. Makarantun sashe na 141 ne aka yanka wa awa 40 a aji da 25 a sama. Abin da kake saye a sati ukun nan shi ne mutum ya zauna gabanka kullum ya yi kamar bai san komai ba, ka koya masa, ya tsinka ka, ka sake. Wannan ba ka iya yi wa kanka. Wanda ya zo a shirye yana cin riba. Wanda ya zo da niyyar a can zai fara karatu, shi ne wanda kake magana a kansa, kuma na ga irinsu suna ƙara sati kan sati, kuɗin masauki na tafiya.

MalaminFizik
Ni ba matuƙi ba ne, sha'awa ce ta kawo ni zauren nan, malamin sakandare ne ni a Kano. Amma na sauke littafin da FOI take fitowa daga ciki, wanda FAA ta rubuta wa malamai, tunda kyauta ne a shafinsu, sai na tarar rabinsa abin da muka yi a kwalejin ilimi ne. Dokokin koyo na Thorndike, matakan buƙatu na Maslow, da matakan sani huɗu: hadda, fahimta, aiki da abin, sannan haɗa shi da wani abin. @Bakatsine_172 barci yana ɗaukarka ne saboda kana karanta shi kamar jerin da za a haddace. Ka ɗauki kowane batu ka nemo masa fuska a cikin waɗanda suka koya maka. Misali dokar da ta ce abin da aka fara koya wa mutum shi ya fi zama a kansa. Wane hali ka ɗauka a satinka na farko wanda har yau kake fama da shi? Ka tuna malamin da ya daka maka tsawa a sama, me ka iya tunawa daga darasin ranar? In ka yi haka littafin zai zama labarinka, ba za ka manta ba.

Bakatsine_172
Malam, wallahi ka taɓo wuri. Akwai wanda ya koya min da farko, in ya ga zan yi kuskure sai kawai ya ƙwace sitiyari bai ce uffan ba. Na daɗe ina sauka ina jiran a ƙwace.

Malama_KujerarDama
To ka ga darasinka na farko ke nan. Miƙa jirgi tsakanin malami da ɗalibi magana uku ce: ka ce ka ba shi, ya ce ya karɓa, ka sake tabbatarwa, kana kallon hannunsa. Mai jarrabawa zai lura da wannan tun daga kan titin jirgi.

DanDamagaram
Sannunku da hira. Ni a Faransa na yi nawa, tsarin EASA, hukumar jiragen sama ta Turai, kuma in na ji ana sati uku sai in yi mamaki. A wurinmu kwas ɗin FI, wato na malami, awa 125 ne a aji da awa 30 a sama, kuma kafin a karɓe ka lakwal (makaranta) ɗin sai an tashi da kai an gwada hannunka. Ko ka gama, da takunkumi kake fitowa: ba ka da ikon sakin ɗalibi ya yi tashinsa na farko shi kaɗai sai ka koyar awa 100 kuma ka kula da tashin solo (ɗalibi shi kaɗai) 25 ƙarƙashin idon babban malami. A Amurka ina jin ranar da ka ci jarrabawa, washegari kana iya sa hannu yaro ya tashi shi ɗaya. Haka ne?

Malama_KujerarDama
Haka ne a doka. Makarantu da yawa suna sa babban malami ya duba ɗalibin kafin solo, amma wannan tsarinsu ne na cikin gida. Shi ya sa masu jarrabawa suka fi tsananta wa a kan dokoki da sa hannu, wanda shi ne abin da zan ce Bakatsine ya ba kaso mafi girma na wata biyun nan. Ga yadda ake yi. Mai jarrabawa zai ce: ga mutum ya shigo ofis, bai taɓa hawa ƙaramin jirgi ba, kai shi har ya karɓi PPL, ka nuna min kowane sa hannu da za ka yi masa a hanya. Dole ka san doka ta 61.87 ciki da waje: jarrabawar rubutu ta kafin solo wadda kai za ka tsara ka kuma yi bitarta da shi, da sa hannun solo mai ƙarewa bayan kwana 90. Sai 61.93 ta tafiya mai nisa shi kaɗai, inda kowace tafiya sai an duba shirinsa an sa hannu. Sai 61.109, awa 40, aƙalla 20 da malami, 10 shi kaɗai. Sai naka dokokin: 61.189 ta ce ka ajiye bayanan waɗanda ka sa wa hannu shekara 3, 61.195 ta hana ka koyarwa a sama fiye da awa 8 cikin awa 24. Samfurin kalmomin sa hannu yana cikin takardar FAA mai lamba AC 61-65, ba a ce ka haddace su ba, an ce ka san wanne ake buƙata, yaushe, kuma ka buɗo shi ba tare da lalube ba. Ka sayi littafin awoyi mara komai, ka ƙirƙiri ɗalibi, ka rubuta masa duka da hannunka daga farko har ƙarshe. Ka sake da wani wanda yake da lasisin helikwafta yana son ƙara jirgi mai fiffike, nan ne mutane ke zamewa.

Kyaftin_Dattijo
Malama ta yi magana, amma kada a bar yaron nan ya tafi da tunanin takarda ce kawai. Tambayarsa ta kujerar dama ba a amsa ba. Ka hau, ko awa uku ne ko huɗu. Hannun da ya saba da totur (maƙarin ƙarfin inji) shi zai koma kan sitiyari, wanda ya saba da sitiyari ya koma kan totur. Layin tsakiyar titi da ka saba gani ta wani gefen hancin jirgi zai koma ɗaya gefen, sai ka riƙa sauka a karkace kana rantsuwa a miƙe kake. Agogunan gabanka kuma duk ta gefe za ka riƙa hango su. Ko mu a manyan jirage, ranar da aka mayar da mutum daga dama zuwa hagu sai ya ɗan koma baƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka bar wannan sai cikin kwas, satin farko gaba ɗaya zai tafi a koyon sauka, abokanka suna koyon koyarwa.

SarkinGardama
Ka ji ko? Har hawan jirgin ma da kuɗinka za ka yi kafin ka je. Na ce sa hannu kawai ake sayarwa.

Admin_Zaure
Malam SarkinGardama, an ji ra'ayinka, an kuma amsa. Mutumin ya riga ya biya, a taimaka masa da abin da zai amfane shi.

Tsuntsun_Arizona
Ina goyon bayan Kyaftin, amma da gyara. Kada ka hau don ka goge juye-juyen CPL irin su shandel da takwas-takwas ɗin nan kawai, hannunka bai manta su ba tunda kwanan nan ka yi CPL. Sabon abu shi ne yin su bakinka yana aiki. Ka gwada a ɗaki: zauna a kujera, ɗora waya tana ɗaukar murya, ka yi tashi daga farko har sauka kana bayani kamar akwai ɗalibi a hagunka. Da ka saurara za ka ji inda ka yi shiru, kuma galibi wurin da aiki ya yi yawa ne, wato daidai inda ɗalibi ya fi buƙatar jin muryarka. Za ka kuma ji inda ka cika surutu. Dab da taɓa ƙasa ɗalibi ba ya jin jimla, kalma biyu yake ji. Sannan akwai abubuwan da ba a nema a CPL ba amma ana nema a nan, irin su sitol (lokacin da fiffike ya saki iska) ɗin da ake nuna wa ɗalibi: na saɓanin hannu da ƙafa, na tirim (madaidaicin hancin jirgi), da wanda ke biyo bayan gyaran gaggawa. Waɗannan ka karanta su sosai, a sama a nuna maka.

Bakatsine_172
Maganar bayani da baki ita ke ba ni tsoro. Abu yana kaina sarai, in na zo faɗa da Turanci sai ya tsinke.

Yar_Zongo
Ɗan'uwa ka kira gida ka yi wa Hajiya bayanin yadda fiffike ke ɗaga jirgi da Hausa. In ta gane, ka san abin. Ni ƙanena ɗan shekara goma sha biyu na mayar ɗalibi ta bidiyo, yaron nan tambayarsa ta fi ta mai jarrabawa zafi, don shi ba ya jin kunyar cewa bai gane ba.

Tsuntsun_Arizona
Hakan yana gwada fahimta, na yarda. Amma harshe ma sai da reno. Jarrabawar da Turanci za a yi ta, ɗaliban ma da Turanci, wasu kuma ba harshensu ba ne, ga ƙarar inji ga rediyo. Ya nemi ɗalibin PPL a makarantarsu ya riƙa yi masa bita kyauta a gaban farin allo. Riba biyu.

MalaminFizik
Tunda an zo kan allo, ga abin da na sani daga aji. Zane ya fi dogon bayani, amma zanen da ka saba yi. Ka zaɓi batutuwan da ka san dole su zo, ka zana kowanne har hannunka ya riƙe. Dalilai huɗu da ke jan jirgi mai farfela zuwa hagu. Yadda nauyi ke ninkuwa biyu in an kwantar da jirgi digiri 60 ana riƙe tsayi, har gudun da fiffike ke sakin iska ya ƙaru da kusan kashi 41 cikin ɗari. Kuma kada ka fara da lissafi. Fara da abin da ɗalibin zai ji a jikinsa, kujera tana danna shi, sannan ka kawo lambar.

Malama_KujerarDama
Malam, da za ka zo nan da mun ba ka aji. Kan tsarin darussa kuma, tunda makarantar ta ce ya zo da su: ana sayar da shiryayyu a intanet, kuma ban ce haramun ba ne. Matsalar, mai jarrabawa yana gane wanda ke karanta rubutun wani cikin minti biyar. In ka saya, ka zauna ka rage, ka sake da bakinka, ka sa misalin jirgin da kake hawa da filin da kake tashi. Kuma ka duba a kan me aka gina su. Tun 31 ga Mayun 2024 ACS, takardar ma'aunin jarrabawa ta FAA, ce ke aiki a jarrabawar CFI ta jirgi mai fiffike, ta maye gurbin tsohuwar PTS, kuma ta fito da batun kula da haɗari a ƙarƙashin kowane aiki. Har yanzu akwai tsofaffin darussa da ke yawo a hannun ɗalibai. Ka buga ACS ɗin a takarda, ka bi ta layi-layi, duk layin da ba za ka iya yi wa wani bayaninsa na minti biyu ba ka sa masa alama. Alamomin nan su ne jadawalin karatunka.

Injiniya_TudunWada
Kowa na maganar sama, bari mu na ƙasa mu sa baki. Yawancin matuƙan da ke zuwa wurina ba su taɓa buɗe littafin gyaran jirgin da suke hawa ba. Ranar jarrabawa kai za ka tabbatar jirgin ya cancanci tashi, da takarda. Duban shekara, duban awa 100 tunda jirgin makaranta ne ana koyarwa da shi don kuɗi, ELT (na'urar nuna wurin jirgi in ya faɗi) duk wata 12, taransfonda (mai nuna jirgi a rada) duk wata 24, da umarnin gyara na dole da FAA ke fitarwa. Sannan tambayar da suke so: fitila kaza ta mutu, za mu iya tashi? Amsar tana bin 91.213, mataki-mataki, ba "ina ganin babu komai" ba. Ka je garejin makarantarku ka gai da injiniya, ka roƙe shi rabin awa ya buɗe maka littattafan. Ba mu cizo.

Sabon_Shiga
Ni abin da nake jin tsoro shi ne sifin ɗin nan da ake cewa dole ne. Da gaske jirgi ake sakewa yana wulwulawa zuwa ƙasa?

Tsuntsun_Arizona
Da gaske, amma daga sama sosai, da jirgin da aka amince a yi da shi, da malamin da ya saba. 61.183 ce ta wajabta wa mai neman CFI sa hannun cewa ya iya shiga, ya iya fita, ya kuma iya koyar da shi. Matakan fita da aka fi koyarwa huɗu ne: a kashe totur, a daidaita sitiyari tsakiya, a taka fedar da ke kishiyar juyin har ƙasa, a tura hanci gaba, amma littafin jirginka shi ne gaba da kowace hadda. @Bakatsine_172 ka tambaya ko yana cikin kuɗin da ka biya. Cessna 172 ana iya yi da ita in an cika sharaɗin nauyi, babu kowa a baya babu kaya, amma makarantu da yawa ba sa yarda, sai su tura ka wurin mai Citabria ko Decathlon. In da wuri za ka yi, yi, sa hannun ba ya ƙarewa. Kuma ka sani, wanda ya faɗi jarrabawa a kan wannan fannin, ranar maimaici dole ya kawo jirgin da ke iya sifin ya yi a gaban mai jarrabawa.

Bakatsine_172
Zan tambaya. Wani abu kuma, na duba kalanda, satin ƙarshe na kwas ɗin zai shiga azumi.

Kyaftin_Dattijo
Hukuncin addini ka kai wa malamai, ba fagena ba ne. Abin da na sani na jiki ne. Ƙishirwa da ƙarancin barci suna rage kaifin tunani tun kafin mutum ya ji a jikinsa, kuma kai da kanka za ka koya wa ɗalibai su binciki lafiyarsu da gajiyarsu kafin kowane tashi. Ka gaya wa makarantar tun yanzu a ba ka tashin safe, aji da rana. Ranar jarrabawa kuwa doguwa ce, ta bakin kaɗai tana cin rabin wuni. In za a iya sa ta kafin a ga wata, ya fi.

Tsuntsun_Arizona
Ya ma yi sa'a azumin yanzu a sanyi yake faɗowa, wunin ba tsawo. Mu nan Phoenix da bazara zafi na haura digiri 43, cikin jirgi kuwa ba a magana. Sai dai Filorida da hunturu akwai hazon safe, wani lokacin sai rana ta ɗaga ake samun tashi.

Bazazzagi_DA40
Hazo kuma ai sai ku bar mana. Yanzu haka a Zariya ƙurar hunturu ta rufe gari, in ta sauka ana iya kwanaki ba a ga abin da ya isa a saki ɗalibi ba. Duk mai sayar da kwas na kwana kaza, sai ka tambaye shi ko ya yi shawara da sama.

Yar_Zongo
Tambaya ɗaya da ba wanda ya yi: wace biza ce a hannunka? Don in M-1 ce, ba a aiki da ita lokacin karatu, bayan an gama kuma aikin horo wata ɗaya ake bayarwa kan kowane wata huɗu na karatu, iyakarsa wata shida. F-1 ce ke da OPT, izinin aikin horo, na wata 12. Na san waɗanda suka kashe kuɗin CFI da niyyar tara awoyi a can, sai daga baya suka gane ba su da izinin koyarwar. Ka zauna da jami'in ɗaliban waje na makarantarku kafin ka biya ragowar.

Bakatsine_172
F-1 ce 'yar'uwa, mun yi maganar da shi. Amma kin kyauta da kika faɗa, akwai masu karantawa ba sa magana.

Bazazzagi_DA40
In ma gida mutum zai dawo, takardar FAA ba ta ba shi damar koyarwa a nan kai tsaye, sai ya bi ta NCAA, hukumar jiragen sama ta Najeriya, an mayar masa da lasisi. Amma ilimin ba ya ɓata, kuma muna buƙatar malamai.

SarkinGardama
To Admin, wannan karon taimako na kawo. Ka tambaye su abu biyu a rubuce. Na farko, wa zai koyar da kai? Ba kowane CFI ne doka ta yarda ya horar da sabon malami ba. Sharaɗin da aka daɗe da sani shi ne ya riƙe takardar wata 24 kuma ya koyar awa 200, an ƙara wasu hanyoyin a ƙarshen 2024. Na biyu, ranar jarrabawa. Wata makaranta da na yi hulɗa da ita, ba zan kama suna ba, sun gama da mu a kan lokaci tsaf, sannan aka ce mai jarrabawa sai an samu. Muka zauna muna biyan ɗaki, hannu yana sanyi, ga ƙa'idar cewa sai ka yi horo cikin wata biyun da suka gabaci jarrabawa, sai da muka sake biyan jirgi. Kuɗin DPE ɗin, wato mai jarrabawar, ma daban ne, ya haura dala dubu. Gaggawar a aji take ƙarewa.

Malama_KujerarDama
Wannan kam babu gardama a ciki. Ƙari ɗaya: kada ranar da aka sa ta tura ka shiga jarrabawar da ba ka shirya mata ba. Faɗuwa tana shiga kundin da kamfanoni ke dubawa lokacin ɗaukar aiki. Ba ta hana samun aiki, amma za a tambaye ka a kanta. Ɗage rana ba ya shiga ko'ina.

DanDamagaram
Ni har yanzu ina ganin hannu ya fi takarda. Doka kana iya buɗe littafi ka duba. Ɗalibi in ya taka fedar da ba ita ba a ƙafa 300 daga ƙasa, babu littafin buɗewa.

Malama_KujerarDama
Ba na musu, amma kafin a kai ga jirgi sai an wuce tebur. Wanda ya faɗi ta baki ko injin ba zai tayar ba ranar.

Bakatsine_172
Na rubuta musu jiya, sun amso da safen nan. Sifin ba ya cikin kuɗin, akwai wani mai Decathlon a filin da ke kusa da suke tura mutane wurinsa. Mai koyarwar ya cika sharaɗi. Ranar jarrabawa kuma sun ce suna da masu jarrabawa biyu da suke aiki da su, amma ba za su yi alkawarin rana ba sai an ga yadda na yi a satin farko. Yanzu in na cire kuɗin sifin, abin da ya rage na kujerar dama bai fi awa biyu ba.

SarkinGardama
"Ba za su yi alkawari ba." Ban ce komai ba.

Tsuntsun_Arizona
Awa biyun ka zuba su duka a sauka, kada ka je ko'ina, zagayen fili kawai. Ka haɗa da saukar da ake kashe totur daga gefen titi, wadda dole ka taɓa ƙasa cikin ƙafa 200 bayan alamar, don ita ce ta fi canja kama daga dama. Kuma in kana da abokin da ke tara awoyi, ka zauna masa a dama ku raba kuɗin, in dokar makarantar da inshorarsu sun yarda.

Injiniya_TudunWada
Da wane jirgi za a yi kwas ɗin, 172 ɗin da ka saba ko Piper? In Piper ne akwai maganar sauya tankin mai da famfon lantarki da za ka ƙara a darasinka na injin, ka nemi littafinsa tun yanzu.

Bakatsine_172
172 ce, amma mai G1000, allon kwamfuta na kamfanin Garmin. Ni kuwa da mai tsofaffin agogo na yi komai nawa.

Malama_KujerarDama
To ga wani aikin ya ƙaru. Garmin suna da manhajar gwaji ta kwamfuta, ka nema a makarantarku ko akwai wanda ke da ita.